Kwalliyar wili da cibiyar aksul a tsohuwar a-kori-kura: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya mallaki tsohuwar a-kori-kura ƙirar Amurka, irin Ford F-250 ko Chevrolet C20 ta shekarun 1960 da 1970, yakan gama gyaran jiki da fenti, ya ja da baya don ya more kallo, sai idonsa ya sauka kan wani dunƙulen ƙarfe mai tsatsa da maiƙo da ya leƙo daga tsakiyar tayar baya. Daga nan tambayoyi suke farawa.

Mene ne wannan ƙarfe, kuma me ya sa wasu motocin ba su da shi?

Shi ne cibiyar aksul, wadda makanikai suke kira hob; aksul kuwa shi ne dogon ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu. A ƙananan a-kori-kura masu ɗaukar rabin tan, kamar F-100 da C10, sandar da ke juya taya ita ce kuma take ɗauke da nauyin mota, kuma a bakinta ake ɗaura wili, don haka babu abin da ke leƙowa waje. A manyan, masu ɗaukar kashi uku cikin huɗu na tan zuwa sama, an raba aikin biyu. Cibiya tana zaune a kan boris biyu a ƙarshen bututun aksul, ita ke ɗaukar nauyi, sandar kuwa juyawa kawai take yi, an ɗaure kanta a fuskar cibiyar da kusoshi, galibi takwas a aksul irin Dana 60. Amfanin wannan tsari shi ne, ko sandar ta karye a hanya, taya ba za ta fice ba, kuma ana iya zare sandar ba tare da an kwance tayar ba. Wanda ya saba da Land Rover ta da, ko wasu Land Cruiser masu ratsa hamada, ya san irin wannan cibiya.

To, aibi ce da ya kamata a rufe?

A ganina ba aibi ba ce, kuma ina baƙin ciki idan na ga an ɓoye ta kamar abin kunya. Ita ce shaidar cewa an ƙera motar don lodi, kuma duk wanda ya san mota, da ya hango ta ya san da wa yake magana. Bayan haka, cibiya tana ba da labari. Direban da ya san aikinsa, idan ya tsaya bayan doguwar tafiya, yakan zagaya ya kai bayan hannunsa kusa da kowace cibiya; idan ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ya san boris ko birki na neman kawo matsala. Haka kuma ɗan layin mai da ya fantsama daga tsakiya zuwa gefen wili, kamar an zana hasken rana, alama ce ta gasket, wato ɗan faifan da ke hana mai yoyo a mahaɗi, ya saki. Wanda ya rufe cibiya ruf ya toshe wa kansa waɗannan alamu.

Yaya ake mata fenti ya yi kyau, ya kuma daɗe?

Aikin yana farawa ne da tsayar da yoyo, domin fenti ba ya zama a kan mai. A irin wannan aksul na Amurka, man giya ne yake gangarowa ta cikin bututu ya jiƙa boris, saboda haka idan fuskar cibiya tana naso, sai a kwance kusoshin, a kankare tsohon gasket, a sa sabo. A duba kuma 'yar ƙofar shan iska da ke saman aksul, domin idan laka ta toshe ta, iskar da ke ciki takan kumbura da zafi ta turo mai waje, komai sabuntar gasket.

Bayan haka sai wanki da kananzir, sannan da ruwan sabulu, a bar shi ya bushe sarai. A bi da buroshin waya, a shiga lunguna tsakanin kusoshi inda giris da ƙura suka daskare kamar ƙanzo, har sai ƙarfen ya fito fes. Sai a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, sannan fentin sama mai jure zafi, shafi biyu ko uku marasa kauri, domin zafin birki yana ratsowa har nan. Baƙi mai ɗan sheƙi yana sa cibiya ta lafe, ido ya koma kan wili. Launin jikin mota kuwa yana fito da ita. Ni na fi son farin wili da baƙar cibiya, kawunan kusoshi kuma a bar su da hasken ƙarfensu.

Akwai wuraren da fenti mai kauri bai kamata ya taɓa ba, kuma nan ne masu gaggawa suke kuskure: fuskar da wili ke kwantawa a kai, da zaren kusoshin taya, da ramin da noti ke zama a jikin wili. Fenti a waɗannan wurare yakan murƙushe bayan 'yan kwanaki, noti ya saki alhali an ɗaure shi tamau. A manna musu takarda mai gam kafin feshi, kuma bayan an mayar da taya an yi tafiyar kilomita 80 ko makamancin haka, a sake bin notocin ɗaya bayan ɗaya.

Idan mai mota ya nace sai ya sa murfi fa?

Yana da zaɓi. Ƙaramin murfin nan mai kama da tasa, wanda ke kama 'yan ƙusoshi ko maƙalai a jikin wili, shi ya fi dacewa da motocin wancan zamani, amma dole a samu mai zurfin da zai haɗiye cibiyar baya ba tare da ya taɓa ta ba. Akwai kuma mai huda a tsakiya, wanda ke rufe notoci ya bar cibiya a fili, kuma shi nake ba da shawara. Zoben ƙarfe mai ƙyalli a bakin wili yana ƙara kyau da kuɗi kaɗan, sai dai a tabbata bai danne bakin shan iskar taya ba.

A tayoyin gaba na mota mai ja da ƙafa huɗu kuma?

Nan magana gajera ce. Abin da ke leƙowa a gaba makulli ne da ake murɗawa da hannu don haɗa taya da sandar aksul ko raba su, irin wanda Arthur Warn ya fara ƙera wa motocin Jeep a 1948. Ba a rufe shi, ba a kuma cika shi da fenti har ya ƙi juyawa. A goge shi, a bi rubutunsa da ɗan jan fenti don a riƙa gani.

Za a iya sa kowane wili mai rami takwas?

A'a. Tsofaffin Ford da Chevrolet da Dodge masu noti takwas duk suna da tazara ɗaya, wato faɗin da'irar da notocin ke kai inci 6.5 ne, amma Ford ta koma milimita 170 a manyan motocinta tun daga ƙirar 1999, Chevrolet kuma ta koma 180 a 2011, don haka wilin waɗannan ba zai hau tsohuwar mota ba. Ko tazarar ta yi daidai, sai an auna ramin tsakiya, domin na Chevrolet ya fi na Ford ƙanƙanta, ba ya shigewa kan cibiyar Ford. Kada a yarda a faɗaɗa ramin da wutar walda. Wilin alminiyam kuma sau da yawa yana da irin notinsa, kuma kaurinsa yana cinye tsawon ƙusoshin taya, saboda haka a ƙirga zagaye nawa noti ya kama kafin ya tsaya.

Akwai tsohon wilin da bai cancanci kwalliya ba, sai dai a sauke shi?

Akwai iri biyu da nake jan kunne a kansu. Na farko shi ne wili mai ɓari biyu da ke haɗuwa a tsakiya, irin Firestone RH-5, wanda mutanen Amurka suka yi wa laƙabi da mai mayar da mata zawarawa, saboda yadda yake tarwatsewa ana cikin ba shi iska idan tsatsa ta ci mahaɗinsa. Fenti yana ɓoye wannan tsatsa, ba ya maganinta. Na biyu shi ne wili mai inci 16.5, wanda ya yawaita a manyan a-kori-kura na shekarun 1970. A ido kamar mai inci 16 yake, kuma taya mai 16 tana iya shiga kansa, amma ba ta zama daidai. Idan mai faci ya ci gaba da ɗura iska don ta zauna, sai ta fashe a fuskarsa. Lambar girman wili tana buge a jikin ƙarfen, sau da yawa kusa da bakin shan iska ko ta ciki, don haka a kankare tsatsar wurin a karanta ta kafin a sayi taya ko gwangwanin fenti.