Sufurin ƙananan jiragen ruwa a tsibiran Lamu

Tsibiran Lamu rukunin tsibirai ne a Tekun Indiya, a arewacin gaɓar ƙasar Kenya, dab da iyakar Somaliya. Manyansu su ne Pate da Manda da Lamu, sai ƙanana irin su Ndau da Kiwayu. Babu gadar da ta haɗa ko ɗaya daga cikinsu da babban yankin ƙasa, don haka mutum da buhun shinkafa da siminti da jaki duk ta ruwa suke shiga. Motar da ta taso daga Mombasa a Mokowe take tsayawa, fasinja ya sauka ya hau jirgin ruwa. Wanda ya zo ta sama ma bai tsira ba, domin filin jirgin yana tsibirin Manda, sai an tsallaka da shi mashigin da ke tsakani kafin ya taka garin Lamu. Mazauna tsibiran Suwahilawa ne da Bajuni, kusan dukansu Musulmi, kuma sunayen jiragen da na kayan aikinsu da Suwahili ake kiran su.

Iska da ruwa

Abu biyu ne ke tsara tafiya a nan tun kafin zuwan inji: iskar shekara da cikowar teku. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar kaskazi ke kaɗawa daga arewa maso gabas, teku ya kwanta, tafiya ta yi sauƙi. Daga Afrilu zuwa wajen Satumba sai kusi ta karɓa daga kudu, mai ƙarfi, ga ruwan sama a farkonta. A tsakiyar kusi ƙananan jirage ba sa son fita fili, sai su riƙa raɓewa ta mashigan da ke bayan tsibiran, inda dazuzzukan mikoko (itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri) ke tare igiyar ruwa.

Teku kuma yana cikowa ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma a ranakun tsayuwar wata da cikarsa bambancin kan kai mita 3. Wurin da jirgi ya wuce da hantsi, da azahar sai a iske taɓo ne. Shi ya sa matuƙi, wanda ake kira nahodha, ya fi lura da kwanan wata a kan agogo. Lokacin tashin jirgi yana matsawa kullum da kusan sa'a guda, kamar yadda cikowar ke matsawa.

Tarihi

Wani littafin 'yan kasuwar Girka na ƙarni na 1, wanda aka sani da Periplus, ya ambaci jiragen da ake ɗinkawa da igiya a gaɓar Afirka ta Gabas. Ko tsibiran da ya kira Pyralaoi su ne na Lamu, masana ba su haɗu a kai ba. Abin da tono ya tabbatar shi ne, garin Shanga da ke kudancin Pate yana da mazauna tun wajen ƙarni na 8, kuma an sami tukwanen yankin Tekun Fasha da tangaran na Sin a can da kuma tsohon garin Manda. Manyan jiragen Larabawa da na Indiya suna zuwa da kaskazi su koma da kusi. Ƙananan jiragen gida ne ke tara musu hauren giwa, ƙoƙon kunkuru, hatsi da itace daga ƙauyuka, sannan su rarraba yadi da dabino da aka sauke.

Jirgin da ya fi shahara a wancan zamani shi ne mtepe, wanda aka fi ƙerawa a Pate da tsibiran Bajuni. Ba a buga masa ƙusa ko ɗaya. Ana huda katakan ne, a ɗinke su da igiyar ɓawon kwakwa, a toshe hudojin da 'yan turakun itace. Maimakon ƙyalle, tabarmar kaba mai kusurwa huɗu ake ɗaga masa ta kama iska. Goshinsa dogo ne mai lanƙwasa, ana cewa siffar kan raƙumi ce, kuma akan rataya masa tutoci da layu. Ɗinkin yana da dalili: a wurin da jirgi ke yawan zama a kan yashi ko dutsen murjani idan ruwa ya janye, jikin da ke ɗan lanƙwasawa ya fi jurewa a kan wanda aka ɗaure da ƙarfe. Aibinsa shi ne yoyo. Ma'aikata ba sa rabuwa da kwalfar ruwa, kuma akan sabunta ɗinkin kusan kowace shekara. Mtepe ya ɓace daga teku a wajejen shekarun 1930. Waɗanda ake gani yau kwaikwayo ne da aka yi don gidajen tarihi.

Janyewar teku ta taɓa yanke hukuncin yaƙi. A yaƙin Shela, wanda galibi ake sanya shi a 1812 ko 1813 (wasu na kai shi baya kaɗan), mayaƙan Pate da abokansu Mazrui, iyalin da ke mulkin Mombasa, sun sauka a bakin tekun Shela, a tsibirin Lamu, don su ci garin Lamu. Da faɗa ya juya musu suka nufi jiragensu, sai suka iske ruwa ya janye ya bar su a kan yashi, aka yi musu mummunan kisa. Daga nan Pate ta fara dusashewa, Lamu kuma ta nemi kariyar Sayyid Sa'id, sarkin Oman, aka kammala ginin sansanin tsaron garin a wajen 1821.

Ƙarni na 19 shi ne lokacin da harkar jirage ta fi bunƙasa, kuma wani ɓangare na arzikin a kan bayi aka gina shi, masu noma gonakin da ke babban yankin ƙasa. Yarjejeniyar 1873 tsakanin Birtaniya da sarkin Zanzibar ta haramta safarar bayi ta teku, aka soke bautar kanta a gaɓar a 1907. Jirgin ƙasan da ya tashi daga Mombasa ya kai Tafkin Victoria a 1901, ciniki ya koma can. Abin da ya riƙe jiragen Lamu bayan haka shi ne boriti, wato azarar mikoko, wadda ake kai wa ƙasashen Larabawa don rufin ɗaki saboda gara ba ta cika cin ta ba. Gwamnatin Kenya ta hana fitar da ita a 1982.

Ire-iren jirage

Baƙi kan haɗa su duka su ce dhow, amma mutanen wurin suna bambantawa. Jahazi shi ne babba, mai faɗin ciki, na kayan nauyi da doguwar tafiya zuwa Mombasa ko Zanzibar. Mashua ya fi shi ƙanƙanta, bayansa a datse, shi ne na kamun kifi da jigilar mutane tsakanin tsibirai. Dau ƙarami ne mai tsini gaba da baya, cikinsa a shimfiɗe, yana shiga inda ruwa bai kai ƙugu ba. Akwai hori, kwale-kwalen da ake fafewa daga gungume guda. Dukkan masu tafiya da iska suna amfani da ƙyalle mai kusurwa uku, tanga, wanda ake ɗaurawa a wata doguwar sanda da ke rataye a karkace. Idan za a juya hanya sai an zagayo da sandar gaba ɗaya ta gaban ginshiƙin, aikin da ke buƙatar hannu da yawa. In iska ta kwantar da jirgi gefe guda, samari kan fito da katako ta ɗaya gefen su zauna a kansa don su daidaita nauyi.

Ƙira

Ƙauyen Matondoni, a yammacin tsibirin Lamu, da Kizingitini a Pate su ne aka fi sani da ƙera jirage. Gwani, wato fundi, ba ya aiki da zane a takarda. Da ido da igiyar awo da gizago yake fitar da siffa. Haƙarƙarin jirgi daga rassan da suka tanƙwara da kansu ake zaɓo shi, katakan jiki kuma daga itace mai tauri irin su mbambakofi. Ana cusa auduga da aka jiƙa da man kwakwa a tsakanin katakai, a shafe jikin da man hantar kifin shak, mai wari amma mai hana ruɓa. A goshi akan manna wasu faya-fayan katako biyu masu zanen wata da tauraro, ana kiran su macho, wato idanu. Ranar da za a tura sabon jirgi ruwa akan yi yanka da addu'a, gari ya taru a ja shi.

Hanyoyi a yau

Yawancin jiragen haya yanzu suna da inji, ko na ciki ko wanda ake ratayawa a baya, kuma masu gudu da aka yi da faiba sun karɓe jigilar Mokowe da filin jirgin sama, tafiyar 'yan mintoci. Zuwa Pate ya fi wuya. Hanyar tana bi ta Mkanda, wani siririn mashigi tsakanin Manda da babban yankin ƙasa, wanda duk da an taɓa yashe shi, manyan jirage kan jira cikowa kafin su shiga. Ana sauka a Mtangawanda, daga nan a hau mota ko babur zuwa garuruwan Pate da Siyu da Faza. Kiwayu, wanda ke cikin yankin teku mai kariya na Kiunga, ya fi nisa, kuma jirgin ruwa mai tafiya da iska kan kwana a hanya in kusi ba ta ba da dama ba.

Haɗari

Kifewar jirgi ta fi yawa a lokacin kusi, a bakin mashigan da ake kira mlango, wato ƙofa, inda ruwan da ke fita ke karo da igiyar teku. Lodin da ya wuce kima, tafiyar dare ba fitila da ƙarancin rigunan ruwa su ne dalilan da hukumomi suka fi ambata.

Tsere

A bikin Maulidi na masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh, malamin da ya zo daga tsibiran Komoro, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, ana yin tseren jirage tare da na jakuna. Ana kuma yin sa ranar sabuwar shekara a Shela, da lokacin bikin al'adun Lamu. A 2001 UNESCO ta sanya tsohon garin Lamu cikin wuraren tarihi na duniya, kuma yawon buɗe ido ya ba jiragen iska da yawa sabon aiki. A farkon 2019 wani jirgi mai suna Flipflopi, da aka ƙera a Lamu da robobin da aka tsinto a bakin teku, ya yi tafiya har Zanzibar.

Sabuwar tasha

A watan Mayu na 2021 aka buɗe sashen farko na babbar tashar jiragen ruwa a bakin mashigin tekun Manda, a babban yankin ƙasa, ƙarƙashin LAPSSET, shirin hanyoyin sufuri da zai haɗa Lamu da Sudan ta Kudu da Habasha. Gwamnati na ganin ta a matsayin hanyar aiki da ciniki; masunta sun ce yashe tekun da aka yi don ginin tashar ya lalata wuraren kamun kifi, ya kuma tura su zurfin da jiragensu ba za su iya ba. A 2018 babbar kotu ta ba da umarnin a biya masunta kimanin 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76, amma an ɗauki shekaru ana jayayya kan yadda za a raba kuɗin.