Allon "ba ruwanmu" a gadojin bakin teku na Ingila: me doka ta ce?

Duk lokacin zafi, idan iyalai suka fara tururuwa zuwa tsofaffin gadojin shaƙatawa da suka kutsa cikin teku a Ingila, irin ta Southend mai tsawon fiye da kilomita 2, sai maganar nan ta dawo: wai tunda an kafa allo a ƙofa cewa duk abin da ya same ka kai ka jawo, to ko katako ya ɓurma da kai babu diyya. Ba haka ba ne.

Dokar 1957 kan alhakin mai riƙe da wuri, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta ɗora wa mai gadar nauyin kula da lafiyar duk wanda aka bari ya shiga, da tikiti ko kyauta. Ta ma ce ya sa a ransa cewa yara ba su kai manya taka-tsantsan ba.

Batun allon ne ke rikita mutane. Dokar ta ce gargaɗi kaɗai ba ya wanke mai wuri, sai in ya isa ya kare baƙo daga haɗarin. Idan katako ya ruɓe a wani lungu, aka killace wurin aka rubuta dalili, an yi gargaɗi. Amma rubutu ɗaya a ƙofar shiga, alhali ƙusoshi sun yi tsatsa gishirin teku ya cinye ƙarfen da ke ƙasa, bai gaya wa kowa inda zai kauce ba. Ga kuma dokokin 1977 da 2015 da suka hana ɗan kasuwa amfani da sanarwa ya zame daga alhakin mutuwa ko rauni da sakacinsa ya jawo.

Kada kuma a ɗauka kowane tuntuɓe kuɗi ne. Sai an nuna sakaci. Wanda ya tsallake shinge, ko ya yi tsalle cikin ruwa yana ganin haɗarin ƙuru-ƙuru, kotu na iya rage masa diyya ko ta hana shi gaba ɗaya. Wa'adin kai ƙara shekara 3 ne, na yaro kuwa sai ya cika 18 ake fara ƙirgawa.

Inda nake ganin dokar ta gaza shi ne gyara tun kafin a ji ciwo. Da yawa daga cikin gadojin nan suna cikin jerin gine-ginen tarihi, kuma dokar 1990 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga wanda ya sauya fasalinsu ba izini. Amma ba ta tilasta wa mai su kai tsaye ya riƙa gyarawa ba. Sai ƙaramar hukuma ta bi shi da takardun gargaɗi, in ya ƙi ta nemi saye da ƙarfin doka. Gadar Hastings an rufe ta a 2006 saboda ta zama haɗari, ta zauna ba cikakken gyara har gobara ta cinye ta a 2010, kuma sai a 2016 aka sake buɗe ta.