Mene ne soket, kuma me ya sa sabon furosesa ke ƙin tashi?

Soket shi ne gurbin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke zama a kan uwar allo, wadda masu gyara a Damagaram suka fi kira kart mer. Ɗan murabba'i ne da siririn hannu na ƙarfe a gefe, wanda ke riƙe furosesan. Ta nan wuta ke shigar masa, ta nan yake hulɗa da ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, da katin hoto. Duk mai kwamfutar wasa da ke son ƙara mata ƙarfi, sunan soket ɗinsa zai fara sani, tun kafin ya tambayi farashi ko ya yi saƙo Kano. Manhajar CPU-Z kyauta ce, tana nuna soket, sunan allo da sigar BIOS, wato manhajar da ke cikin allon wadda ke tayar da kwamfuta.

Soket iri biyu ne, PGA da LGA. A PGA allurai suna jikin furosesa, soket kuwa ramuka ne. Haka soket AM4 na kamfanin AMD yake, da allura 1331. A LGA alluran suna cikin soket, ƙasan furosesa shafe yake. Wannan kamfanin Intel ke amfani da shi, AMD ma ta koma kansa da AM5 a 2022. Lambar da ke cikin suna, kamar LGA1700, yawan wuraren haɗuwa take nufi.

Inda mutane ke tafka asara shi ne zaton da zarar furosesa ya shiga gurbi, magana ta ƙare. LGA1151 ya ishe mu misali. Core i5-6500 da Core i5-8400 duk wannan sunan soket suke ɗauke da shi, na biyun zai zauna daram a allon H110 da ke karɓar na farkon, amma ba zai tashi ba, don furosesan Intel ƙarni, wato zubi, na 8 da na 9 sai allo mai cipset na jerin 300, irin su B360 da Z370. Cipset shi ne guntun da ke tafiyar da harkokin allon, yana da ta-cewa kan wanda za a karɓa. Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu ma iyakarsu a fili take: mai LGA1155 ba ta wuce ƙarni na 3 kamar i7-3770, mai LGA1150 yawanci a i7-4790 take tsayawa.

Mai AM4 shi ne ya ci riba. Tun 2016 soket ɗin yake, ya ɗauki Ryzen daga jerin 1000 har 5000, dukansu da ram nau'in DDR4. Wanda ke da Ryzen 3 1200 a allon B450 zai iya hawa Ryzen 5 5600 ba tare da ya taɓa allo ko ram ba. A ganina babu sauyin da ya kai wannan sauƙin kuɗi. Sharaɗin ɗaya ne: a sabunta BIOS tun tsohon furosesa yana ciki. In aka cire shi tukuna, allon bai san sabon ba, fanka za ta yi ta juyawa, hoto ba zai fito ba. A duba jerin furosesan da allon ke karɓa a shafin kamfanin da ya ƙera shi, akwai sigar BIOS da aka rubuta kusa da kowanne. Kada a yi wannan aiki da wutar gida kawai. In aka ɗauke ta ana tsakiyar sabuntawa, allon na iya mutuwa. A jona da batirin ajiyar wuta. Komawa AM5 kuwa sayayya uku ce, furosesa, allo da ram nau'in DDR5, don ba ya karɓar DDR4.

Wajen sauyin, a bar kwamfutar ta yi aiki kamar minti goma don tsohon man zafi, wanda ake shafawa tsakanin furosesa da fanka, ya yi laushi, a kashe, a zare waya daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin. A kwance fankar a murɗa ta a hankali hagu da dama. A AM4, in aka fizge ta sama, takan taho da furosesan manne a jikinta, allurai su lanƙwashe. A ɗaga hannun ƙarfen, a daidaita ɗan alwatikan da ke kusurwar furosesa da na soket, a sake shi ya zauna da kansa. In bai zauna ba, ba a dannawa, juyin ne bai yi daidai ba. A LGA yatsa ko tsumma kada su kusanci cikin gurbin. A goge tsohon mai da alkol, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan. Wayar fanka ta koma wurin da aka rubuta CPU_FAN a kan allo.

Zafin Damagaram ma yana cikin lissafi. A watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ryzen 5 5600 wat 65 ne, Ryzen 7 5800X3D kuwa 105, kuma ba ya zuwa da fanka. In ƙaramar fanka aka ɗora masa, da ya kai digiri 90 zai rage gudu da kansa, wasa ya riƙa sarƙewa, kuɗin da aka kashe ba a ga amfaninsu ba.

A tashin farko, wayar hoto a jikin katin hoto ake sa ta, don 5600 da Intel masu harafin F a ƙarshen suna ba su da hoto na kansu. In saƙon fTPM, wato tsarin tsaro da ke cikin furosesa, ya fito yana neman a danna Y, mai BitLocker, makullin bayanai na Windows, ya tabbata lambar buɗewarsa tana hannu kafin ya danna.