Sauyin Jadawalin Jiragen Ƙasa na Birtaniya na Watan Mayun 2018

Sauyin jadawalin watan Mayun 2018 shi ne gagarumin gyaran da aka yi wa lokutan tashi da isar jiragen ƙasa na fasinja a Birtaniya, wanda ya fara aiki ranar Lahadi, 20 ga Mayu, 2018. Gyaran ya ƙunshi sauye-sauye fiye da 40,000, ya kuma shafi kusan kashi 46 cikin ɗari na jiragen fasinja da ke zirga-zirga a ƙasar, wato ya ninka abin da aka saba yi a lokaci guda kamar sau huɗu. An shirya shi ne domin a ƙara yawan jirage da kujeru, a kuma soma cin moriyar sababbin layukan dogo da tashoshin da aka kashe wa maƙudan kuɗi. Abin da ya biyo baya shi ne makonni na soke jirage da jinkiri da cunkoso, musamman a layukan kamfanin Govia Thameslink Railway da ke Landan da kudu maso gabashin Ingila, da na kamfanin Northern da ke arewacin ƙasar.

Asalin jadawali a Birtaniya

Jadawali ya taso ne tare da jirgin ƙasa kansa. Layin da ya haɗa Liverpool da Manchester, wanda aka buɗe a watan Satumban 1830, yana daga cikin na farko a duniya da suka riƙa ɗaukar fasinja tsakanin manyan birane bisa lokutan da aka sanar tun da farko. A wancan zamani amfanin jadawali bai tsaya ga sanar da matafiyi lokacin zuwa tasha ba, domin kafin a samu ingantaccen tsarin sigina, tazarar mintuna da ake bari tsakanin jirgi da mai bi masa ita ce babbar kariya daga karo. Saboda haka kuskuren agogo na iya zama sanadin asarar rayuka.

Matsalar kuwa ita ce kowane gari yana da nasa lokacin, wanda ake aunawa da tsayuwar rana. Agogon Bristol yana bayan na Landan da kimanin minti 10, kuma har yau akwai wani tsohon agogo a tsakiyar birnin mai hannun minti guda biyu, ɗaya na gari, ɗaya na Landan. Kamfanin Great Western ne ya fara tilasta lokacin Landan a tashoshinsa a watan Nuwamban 1840, sauran kamfanoni suka biyo baya wajen ƙarshen wannan goman, amma sai a 1880 doka ta mai da lokacin Greenwich, wato na Landan, ya zama na ƙasa baki ɗaya. A tsakanin haka, wani maɗaba'i a Manchester mai suna George Bradshaw ya soma tattara jadawalan kamfanoni daban-daban cikin ɗan littafi guda a 1839, aka ci gaba da buga shi har zuwa 1961. Ke nan jirgin ƙasa ne ya koya wa mutanen ƙasar bin agogo ɗaya, kuma daga nan aka soma ɗora lokacin shiga aiki da na makaranta da na kasuwa a kan lokacin jirgi.

An mai da layukan dogon ƙasar hannun gwamnati a 1948, sannan aka sake sayar da harkar ga 'yan kasuwa tsakanin 1994 da 1997. Wannan sayarwa ta raba aikin gida-gida: dogo da sigina suna hannun hukuma guda, wadda tun 2002 ita ce Network Rail, jigilar fasinja kuma a 2018 galibi tana hannun kamfanoni masu kwangila da Ma'aikatar Sufuri, yayin da wata hukuma mai suna Office of Rail and Road take sa ido. Rarrabuwar nan ita ce za ta zama ƙashin bayan bahasin da aka yi bayan rikicin 2018.

Yadda ake tsara sauyi

Sau biyu ake sauya jadawalin ƙasar a shekara, a watan Mayu da na Disamba, kuma na Disamban yana dacewa da ranar da sauran ƙasashen Turai suke sauya nasu. A ƙa'ida, kamfanoni kan miƙa buƙatunsu ga Network Rail saura mako 40 kafin ranar sauyi, ita kuma ta daidaita su ta fitar da cikakken jadawali saura mako 26. Makonnin da suka rage na kamfanoni ne, su tsara wane jirgi zai bi wace hanya, ina zai kwana, wane direba zai ja shi, yaushe zai huta. Saura mako 12 ake sa ran fasinja ya iya duba lokacin tafiyarsa ya sayi tikiti mai rahusa.

Abin da yawancin matafiya ba su lura da shi ba shi ne batun direbobi. Direban jirgin ƙasa ba ya jan jirgi a layin da bai koya ba. Dole ya san wurin kowace sigina, da gangare da kwana, da iyakar gudu a kowane yanki, sannan a tabbatar da ƙwarewarsa a kan irin jirgin da zai tuƙa. Idan ya daɗe bai bi layi ba, akan buƙaci ya sake koyo. Kowane direban da aka tura horo kuwa, an cire shi ne daga aikin ranar. Don haka sabuwar hanya guda a jadawali tana iya nufin horar da direbobi masu yawa, kuma ba a iya fara wannan lissafi sosai sai an kammala jadawalin.

Dalilan sauyin 2018

A kudu, sauyin ya zo ne a ƙarshen aikin faɗaɗa layin Thameslink, wanda ke ratsa tsakiyar Landan daga arewa zuwa kudu, aka kuma buɗe shi a 1988. Aikin ya ci kimanin fam biliyan 7, ya haɗa da sake gina tashar London Bridge, da sayo sababbin jirage 115 daga kamfanin Siemens, da haƙa gajerun hanyoyin ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar St Pancras domin jirage daga Cambridge da Peterborough su zarce zuwa Brighton da Horsham ba tare da fasinja ya sauka ba. Burin shi ne jirage 24 su riƙa wucewa a kowace awa ta tsakiyar birnin a kowane ɓangare. An shirya yin wannan aiki tun da daɗewa, har sunansa na farko yana ɗauke da shekarar 2000. A ƙarshen 2017 aka amince a shigo da ƙarin jiragen daki-daki, a fara da 18 a awa. Shawarar ta yi daidai, amma ta zo a makare, domin ta tilasta sake rubuta jadawalin da aka riga aka yi nisa da shi. Kamfanin Govia Thameslink ya sauya lokacin kusan kowane jirginsa.

A arewa, an gina sabon jadawalin ne bisa zaton cewa za a gama sanya wayoyin lantarki a layin Manchester zuwa Preston, wanda ya bi ta Bolton. Aikin ya gamu da cikas, har da tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai da suka hana kafa turaku, kuma kamfanin gine-gine na Carillion da ke cikin aikin ya durƙushe a watan Janairun 2018. A wannan watan ne aka yarda cewa layin ba zai kammalu a kan lokaci ba. Sai ya zamana jirage masu amfani da dizal da aka yi niyyar kai wa wasu layuka dole su zauna inda suke, aka kuma sake tsara jadawalin Northern cikin kimanin mako 16 maimakon 40. Ƙari a kan haka, rufe layin Blackpool domin irin wannan aiki ya zarce wa'adinsa, abin da ya sa ɗaruruwan direbobi suka buƙaci sabon horo daidai lokacin da aka fi buƙatarsu.

Tun a watan Fabrairu Network Rail ta sanar cewa ba za ta iya cika alkawarin mako 12 ba, ta rage shi zuwa shida.

Abin da fasinjoji suka gani

Daga ranar Litinin ta farko matsalar ta fito fili. Jirage na nan, dogo na nan, amma direban da ya cancanci jan jirgin ba ya inda ake nemansa. A lokacin da abin ya fi tsanani, jirage kusan 470 na Govia Thameslink da kusan 310 na Northern ne ba sa tashi a kowace ranar aiki. A layin da ya ratsa tsakiyar Landan, jirgi guda da ya tsaya jiran direba yana tare hanyar duk waɗanda ke bayansa, jinkirin kuma ya bazu zuwa garuruwan da ke nesa. Haka abin yake a ɗan siririn layin da ke tsakiyar Manchester, inda jiragen kamfanoni da yawa suke haɗuwa.

Wahalar da ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya ita ce rashin sanin abin da zai faru gobe. A kudu an riƙa cire jirage daga na'urorin sanarwa, wani lokaci da daddare kafin ranar tafiya, ta yadda mutum zai kwanta da sanin jirginsa na ƙarfe bakwai ya wayi gari babu shi ko a allo. Wasu jiragen kuma suna tafiya ba tare da an sanar da su ba, wasu suna tsallake ƙananan tashoshi domin su rama lokaci. Ma'aikata sun riƙa makara, iyaye suna kasa ɗauko yara a kan kari, kuma lamarin ya faɗo a lokacin jarrabawar kammala sakandare. Naƙasassu sun fi kowa jin jiki, domin taimakon da suka nema tun da farko yana ɗaure ne da jirgin da aka soke, sauya dandamali ana saura 'yan mintuna kuwa ba abu ne da mai keken guragu zai iya bi ba. Ma'aikatan tasha, waɗanda su ma ba su da sahihin labari, su ne suka sha fushin jama'a.

Ranar 4 ga Yuni kamfanin Northern ya shigo da jadawalin wucin gadi, ya cire jirage kusan 165 a rana. Layin da ke zuwa Windermere, mashigar yankin tafkuna da masu yawon buɗe ido ke tururuwa da bazara, an dakatar da shi gaba ɗaya aka sa motocin bas, har sai da wani kamfani mai jiragen shata ya ɗauki fasinja na ɗan lokaci daga tsakiyar watan. Govia Thameslink ya fitar da nasa jadawalin wucin gadi ranar 15 ga Yuli, daga nan al'amura suka soma lafawa.

Ya kamata a bambanta wannan rikici da hasarar da ke cikin jadawalin kansa, ko da ya yi aiki yadda aka tsara. Kowane babban sauyi yana da waɗanda suka ci riba da waɗanda suka faɗi, domin ba a ƙara wa jirgi sauri sai an rage masa tashoshi. Jiragen kamfanin East Midlands masu zuwa nesa sun daina tsayawa a Bedford da Luton a lokutan cunkoson safe da yamma, aka maye gurbinsu da jiragen Thameslink masu sauri, waɗanda su kuma suka riƙa wuce Harpenden. Mazauna garin, da yawansu sun zauna can ne saboda sauƙin zuwa Landan, suka yi ta ƙorafi. A gefe guda, mutumin Cambridge ya samu jirgi kai tsaye zuwa filin jirgin sama na Gatwick.

Bincike da sakamako

Shugaban Govia Thameslink, Charles Horton, ya sanar da murabus a watan Yuni. Sakataren Sufuri Chris Grayling ya tsallake ƙuri'ar rashin amincewa a Majalisar Wakilai ranar 19 ga watan da ƙuri'a 305 a kan 285. An ɗora wa hukumar sa ido, ƙarƙashin Farfesa Stephen Glaister, binciken musabbabin lamarin, kuma rahoton farko da ya fito ranar 20 ga Satumba ya raba laifin tsakanin Network Rail da kamfanonin biyu da Ma'aikatar Sufuri da ita hukumar kanta. Jigon rahoton shi ne cewa kowa ya ga haɗarin ta ɓangarensa, amma babu wanda ya ɗauki ragamar cewa a dakata.

An biya masu tikitin wata ko na shekara a layukan da abin ya fi shafa diyyar da ta kai kuɗin tafiyar wata guda, ban da diyyar jinkiri da aka saba. An umarci Govia Thameslink ya ware fam miliyan 15 domin gyare-gyaren da za su amfani fasinja, sannan a 2019 hukumar sa ido ta ci shi tarar fam miliyan 5 saboda gazawa wajen sanar da matafiya. An rage girman sauyin Disamban 2018 ƙwarai. Jirage masu lantarki sun soma bi ta Bolton a watan Fabrairun 2019, gwamnati kuma ta karɓe Northern ranar 1 ga Maris, 2020. Har annobar korona ta zo a wannan shekara ba a kai ga jirage 24 a awa a layin Thameslink ba. Bitar harkar jiragen ƙasa da gwamnati ta ba ɗan kasuwa Keith Williams a watan Satumban 2018 ta haifar da shawarar 2021 ta kafa hukuma guda mai suna Great British Railways, wadda za ta haɗa dogo da jadawali a hannu ɗaya.

Kan ko sayar da harkar ga 'yan kasuwa ne tushen matsalar, ra'ayi ya rabu: ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyar Labour sun ce haka ne, wasu kuma sun nuna cewa Network Rail, wadda jinkirin aikinta ya fara dagula lissafi a arewa, ta gwamnati ce.