Dokta Doom (Victor von Doom)

Dokta Doom, ainihin sunansa Victor von Doom, bos ne a littattafan labari cikin zane na kamfanin Marvel na Amurka, kuma yana cikin mugayen da ake sakawa a wasannin tebur irin wanda ake zama a kewaye kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana wasa a matsayinsa. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro shi, ya fara fitowa a Fantastic Four fitowa ta 5 a shekarar 1962. Shi ne sarkin Latveria, wata ƙasa ta ƙirƙira da aka ajiye a gabashin Turai, babban birninta Doomstadt. Ana gane shi da sulken ƙarfe tun daga kai har ƙafa da koriyar alkyabba mai hula.

Asalinsa

An fara ba da cikakken tarihinsa a 1964. Ɗan ƙabilar Romani ne, makiyayan hanya marasa gari da masu mulkin Latveria suka tasa a gaba. Mahaifiyarsa Cynthia matsafiya ce, ta ƙulla yarjejeniya da shaiɗanin nan Mephisto don ta kare danginta, abin ya juye mata ta mutu tun Victor yana ƙarami, shaiɗanin ya riƙe ruhinta. Babansa Werner kuma mai magani ne, aka kira shi ya duba matar mai mulkin ƙasar alhali cutar ta riga ta ci ƙarfinta, da ya ga ba za ta tashi ba kuma shi za a kashe sai ya ɗauki yaron suka gudu cikin duwatsu, can sanyi ya yi ajalinsa bayan ya lulluɓe ɗan da tufafinsa. Wani dattijo Boris ne ya ci gaba da riƙon Victor.

Yaron ya tashi da ƙwaƙwalwa ta ban tsoro, ga kayan tsafin uwarsa da ya gada, har labarinsa ya kai Amurka aka ba shi gurbin karatu a jami'a a New York. A nan ya haɗu da Reed Richards, wanda daga baya ya zama shugaban ƙungiyar jarumai ta Fantastic Four, kuma tun ranar farko jininsu bai haɗu ba. Victor ya haɗa wata na'ura da zai yi magana da matattu saboda uwarsa, Reed ya leƙa lissafin ya ce masa akwai kuskure, gogan ya ƙi ji, na'ura ta tarwatse a fuskarsa, makaranta ta kore shi. Har yau dai Reed yake ɗora wa laifi.

Daga nan ya nausa Tibet wajen wasu sufaye a kan duwatsu, su ne suka ƙera masa sulken. To a nan marubuta suka rabu, wasu sun ce fashewar ce ta cinye fuskar, wasu kuma sun ce ɗan tabo ne kawai a kunci amma saboda tsabar jiji da kai ya ɗauka ya zama dodo, sai ya sa aka kifa masa fuskar ƙarfen tun tana ja zur ba ta huce ba, ita ce ta ƙone shi gaba ɗaya. Ni kam na biyun ya fi zauna min, don duk halinsa yana cikin wannan gaggawar. Ya dawo gida ya yi juyin mulki ya hau karaga.

Abin da ya iya

Doom fa ba a haife shi da wani ƙarfi ba, mutum ne kamar kowa. Sulken ne ke ba shi ƙarfin dantse da tashi sama da harba wuta ta tafin hannu da wata garkuwa da ke kewaye shi. Yana da na'urar tafiya cikin zamani, tun fitowarsa ta farko ya tura jaruman Fantastic Four zuwa zamanin 'yan fashin teku da ita. A tsafi kuma yana sahun gaba, a wani littafi na 1989 shi da Dokta Strange, jarumin nan matsafi, suka shiga har gidan Mephisto suka kuɓutar da ruhin uwarsa. Ya iya sauya ruhinsa zuwa jikin wani, dabarar da ya koya wajen wasu halittun sararin samaniya. Sai mutum-mutumin da ake kira Doombot masu kama da shi sak, har wasunsu sun yarda su ne Doom ɗin. Ga rigar kariya ta shugaban ƙasa, ko ya yi ɓarna a New York ɗan sanda ba ya iya taɓa shi.

Sana'arsa kuwa satar ƙarfin manya. Ya ƙwace na Silver Surfer, wani jarumin sararin samaniya, a 1966, ya ƙwace na Beyonder, wata halitta mai ƙarfi marar iyaka, a jerin littattafan Secret Wars na 1984 zuwa 1985, a na 2015 ma har mulkin abin da ya rage na duniyoyi ya yi, amma ya rasa komai lokacin da bakinsa ya suɓuce ya amsa cewa da Reed ne da ya fi shi iyawa.

A wasan tebur

Wasan da ya fi tsufa shi ne Marvel Super Heroes na kamfanin TSR, 1984, wanda Jeff Grubb ya tsara. Kowane jarumi yana da sifofi bakwai, faɗa, zafin nama, ƙarfi, juriya, hankali, lura da ƙarfin ruhi, ana jefa 'ya'yan lido biyu masu fuska goma-goma a duba sakamako a wani jadawali mai launin fari, kore, rawaya da ja. Sabon kuma shi ne Marvel Multiverse na 2023 na Matt Forbeck, shi da 'ya'yan lido uku na yau da kullum ake yi, sifofi shida, matakin ƙarfi daga 1 zuwa 6.

Ko wanne aka ɗauka, kuskuren da masu jan wasa, wato masu ba da labarin suna jan ragamarsa, ke yi shi ne su fito da Doom tsakar titi ana dambe tun zaman farko. Ɓarna ce. Wanda aka doke a zaman farko Doombot ne, na biyu ma haka, shi kansa sai can, kuma gara ya karɓi jaruman a fadarsa da liyafa yana kiran kansa da sunansa, "Doom ya ce", kamar yadda ya saba. Idan ya ba da kalmarsa yana cikawa amma iya lafazin da ya furta kawai, don haka 'yan wasa masu wayo da baki suke kama shi, ko su zolaye shi da sunan Reed har ya bar shirinsa ya biyo su. Mutanen Latveria kuma ba yunwa ba sata, sai dai ba mai iya tari da ƙarfi, to in an tumɓuke shi wa zai riƙe ƙasar? Wannan tambayar kaɗai tana iya cinye zama uku.

Akwai labarin 1973 da ya dace da ƙananan jarumai. Doom ya ɗauki Luke Cage, jarumin haya mai ƙarfin gaske, aiki ya gudu bai biya shi dala 200 ba, Cage ya ari jirgin Fantastic Four ya bi shi har Latveria, ya dinga naushin wuri ɗaya a ƙirjin sulken har ya lalace, sannan da wani ya zo kashe Doom ɗin shi ya tare masa, don matacce ba ya biyan bashi. Doom ya yi dariya ya ƙirgo masa kuɗinsa.