Masu tambayata kan dasa ɓauren tin a bokiti, ga amsarku gaba ɗaya

Tun da na jera bokitan tin a tsakar gidanmu nan Ƙofar Ƙaura a Katsina ban huta ba, wannan ya kira waya, wancan ya tare ni bayan magariba, kuma tambayoyin su ne dai su ne. To ga su nan na haɗa, don Allah a karanta har ƙarshe kafin a sake kirana.

Shi tin ɗin nan ba shi ne ɓauren da muka sani ba?

Dangi ne amma ba ɗaya ba ne. Namu na bakin fadama ƙaton icce ne, ba ya zama a bokiti, kuma cikin 'ya'yanshi akwai ƙwari, shi ya sa ake cewa in za ka ci ɓaure kar ka tona cikinshi. Tin kuwa shi ne wanda Allah Ya yi rantsuwa da shi a farkon sura ta 95, asalinshi daga Gabas ta Tsakiya, yau Turkiyya ta fi kowa nomanshi, Masar ma na noma shi sosai.

Zan iya shuka irin da ke cikin busasshen tin na tsarabar Makka?

A'a, kar ka ɓata lokacinka. Ko ya tsiro ba zai ɗauko uwarshi ba, da yawa ma namiji suke fitowa wanda ba a cin ɗanshi, wasu kuma sai da wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ke shiga cikin ɗan ya kai mashi barbara, in babu shi 'ya'yan zubewa suke yi tun suna ɗanyu. Ka nemi reshe daga iccen da ka ga yana nuna da idonka a garin nan. Irin su Brown Turkey da Black Mission ba su buƙatar ƙwaron.

Reshe kawai zai yi saiwa?

Haba Malam. Cediya da durumin da ke ƙofar gidajen kakanninmu da me aka dasa su? Reshe aka sara aka kafa da damina. Gidansu ɗaya da tin.

Wane irin reshe?

Wanda ya ƙosa, na bara, bayanshi ya yi ruwan ƙasa. Kauri kamar fensir zuwa ɗan yatsa, tsawo taƙi ɗaya, wato santimita 20 ko kusa da haka, da ido uku ko huɗu, wato gaɓar da toho ke fitowa. Ka tsige ganyen duka. Ido biyu a cikin ƙasa, ɗaya ko biyu a waje. Kuma kar a kifa shi, na sha zuwa in tarar an dasa reshe kai a ƙasa ana jira wata biyu. Tun wurin yanka ka yi ma gindin yankan kwance, saman kuma a karkace, ba za ka rikice ba. Farin ruwan da ke fita kamar nono kar ya taɓa ido, in ya zauna a fata rana ta buga shi yana ƙuna, a wanke hannu da sabulu, yara su matsa.

Sai na sayi hodar nan ta fitar da saiwa?

Ba dole ba ne. Tin na yi ba ita.

Wace ƙasa?

Nan ne mutane ke fara kashe shi tun kafin ya rayu. A ɗebo laka ko a cika leda da ɗanyen kashin kaji wai don a yi mashi gata, reshen da bai da saiwa me zai ci da taki? Ruɓewa kawai zai yi. Na farko yashi mai tsabta tiya biyu, buntun shinkafa ko ruɓaɓɓen ganye tiya ɗaya, shi ke nan. Ka jiƙa ka dunƙula a hannu, in ruwa ya ɗiga tsakanin yatsunka ya yi yawa. Ni a gorar ruwa ta roba nake farawa, in yanke kanta in huda gindin wuri biyar ko shida, saboda ta jikinta kana ganin saiwa in ta fito, farare sirara kamar zaren ɗinki suna bin bangon gorar.

Ganye ya fito kore shar, bayan sati biyu ya yanƙwane. Me na yi ba daidai ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma amsarta ba guda ɗaya ba ce, sai an duba. Da farko ku sani ganye ba saiwa ba ne. Reshen na da ɗan abinci a jikinshi, da shi yake fitar da toho tun babu ko silin saiwa a ƙasa, kai kuma ka ga ganye ka yi murna ka fitar da shi rana ka ƙara mashi ruwa safe da yamma, ganyen na fitar da ruwa babu mai janyo wani daga ƙasa, sai ya faɗi. Saiwa na ɗaukar sati uku zuwa shida, in da sanyi ta fi haka. To in ya yanƙwane kafin ka ɗauko buta ka tura yatsa cikin ƙasar tukuna. In ka ji ta jiƙe sharkaf, akwai yiwuwar gindin ya fara ruɓa, ka zaro shi a hankali ka duba, in ɓawon ya saɓule a hannunka kamar fatar dafaffen dankali, ciki ya yi baƙi yana wari, wannan gaɓar ta tafi, amma in sama da ita akwai wuri mai tauri da ka kankara da farce ka ga kore, ka yanke ruɓaɓɓen da reza mai tsabta ka sake dasawa a sabon yashi, wani lokaci yana kamawa wani lokaci ba ya kamawa, ya danganta da ido nawa suka rage. In kuma ƙasar ta bushe ƙamas, musamman da hunturu da iska ke busar da leɓen mutum balle ganye, to ƙishi ne, ka ɗan yayyafa ruwa ka kifa mashi farar leda mai 'yan huji ka mayar inuwa, amma ledar ma da sharaɗi, in rana ta same ta ko na awa ɗaya dafa shi za ta yi, kuma kullum ka ɗaga ta ya sha iska in ba haka ba sai ka ga fumfuna. In ƙasar daidai take, ba jiƙe ba bushe, ka duba gara, tana shiga ta hujin ƙasa ta cinye cikin reshen ta bar maka ɓawo a tsaye. Akwai kuma wanda babu laifin kowa, reshen ne ya kwana uku a but ɗin mota kafin ya iso hannunka. Abin da na fi gani dai a gidajen da aka kira ni, ruwa ne ya yi yawa, don haka in kana kokwanto ka bar shi kwana ɗaya ba ruwa, wannan ya fi sauƙin gyara.

Hajiya, ke da kika ce naki uku duk sun mutu kin haƙura, kar ki haƙura. Ki dasa biyar ko shida lokaci guda, ba kowa ke kamawa ba ko a hannun wanda ya daɗe yana yi.

Wane lokaci ya fi?

Ƙarshen hunturu, Janairu zuwa farkon Fabrairu, lokacin iccen ya zubar da ganye yana hutawa, ko kuma in damina ta zauna wajen Yuli. Maris zuwa Mayu ka bari, zafin Katsina na wuce digiri 40, baƙar leda a kan siminti murhu ce.

Duk ganyen babban nawa ya zube da sanyi, ya mutu?

Bai mutu ba. Ka rage ruwa, ka jira.

Yaushe zan mayar da shi bokiti?

Sai saiwa ta zagaye gorar, ba ranar da ka hango guda ɗaya ba. Ka yanka gorar da almakashi, kar ka fizgo shi. Bokitin fenti mai lita 20 ko jarka mai lita 25 da aka yanke ta isa shekara biyu, tsohuwar randa ta fi su duka don ba ta ɗaukar zafi, amma a huda gindinta. Yanzu ne za a sa taki, kashin awaki ko na shanu da ya ruɓe sosai, kashi ɗaya cikin uku na ƙasar. Kar a ɗebo ƙasa daga inda aka yi tumatir ko kuɓewa, akwai tsutsar da ido ba ya gani, nematod, tana son ƙasar jigawa mai ɗumi irin tamu, ita ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli iccen ya tsaya cak ba girma. Ka ɗora bokitin a kan bulo biyu, ya raba ka da ita da gara. Sati na farko gindin bedi, sannan ranar safe, a hankali har ya saba, don in ya girma yana son rana awa shida ko fi, a inuwa ganye kawai zai yi maka. Kuma ku ɗaure awakinku, ni ba ni da maganin akuya sai waya ko zana.

Yaushe zan ci?

Wani a shekarar farko yake ɗaurawa, galibi ta biyu. In ya ɗaura yana ɗan ƙarami ka cire, ya fara yin jiki. Kar ka jira fure, furen na cikin ɗan. Kuma ba mangwaro ba ne da za ka tsinka ɗanye ka nuka a buhu, in ka cire shi da tauri haka zai zauna, sai ya yi laushi wuyanshi ya sunkuya. Tsuntsaye sun fi ka sanin ranar, ka ɗaura mashi tsohon gidan sauro.

Za ka ba ni reshe?

Zan ba ka in Allah Ya kai mu Janairu lokacin da nake rage masu rassa, kyauta. Amma ka zo ka ce mani yashinka da gorarka na gida a shirye, wanda zai kai shi ya ajiye a zaure sai jibi ba zan yankar mashi ba.