Tsarin mulkin Amurka: dokar da aka gina a kan rashin yarda

Daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019, ma'aikatun tarayyar Amurka da dama sun yi kwana 35 a rufe, ma'aikata ba albashi. Ba wai kuɗi sun ƙare ba ne. Shugaba Donald Trump ya nemi kuɗin gina katanga a iyakar Meziko, majalisa ta ƙi, kuma kundin tsarin mulki ya ce ba a taɓa ko sisi a baitulmali sai da dokar majalisa. Mai kallo daga nesa zai ce tsarin ya lalace. A gaskiya aikinsa yake yi, domin da gangan aka tsara shi yadda babu wanda zai iya zartar da babban abu shi kaɗai.

Jihohi 13 ne suka ɓalle daga mulkin Birtaniya a 1776. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu: tsoron sake samun wani sarki ya sa yarjejeniyarsu ta farko, wadda ta fara aiki a 1781, ta kafa gwamnatin tsakiya marar haƙori. Babu shugaban ƙasa, babu ikon karɓar haraji, sai dai a roƙi jihohi su kawo gudummawa. Bashin yaƙi ya taru. Da manoman Masacuset da bashi ya yi wa katutu suka yi bore a 1786, manya suka gane cewa rauni ma yana da nasa haɗarin.

Shi ya sa wakilai 55 suka hallara a Filadelfiya a 1787, George Washington na jagorantar zaman. An tura su ne su yi wa tsohuwar yarjejeniya kwaskwarima, sai suka rufe ƙofa suka rubuta sabuwa fil, wato kundin tsarin mulkin Amurka. Mutum 39 suka sa hannu ranar 17 ga Satumba, gwamnatin kuma ta fara aiki a 1789.

Rigima mafi zafi ita ce ta wakilci. Manyan jihohi na son a raba kujeru bisa yawan jama'a, ƙananan suka ce za a haɗiye su. Aka raba gardama da majalisa biyu. Ta wakilai tana bin yawan jama'a, yanzu kujeru 435, zaɓe duk shekara 2. Ta dattawa kuwa kowace jiha sanata biyu, wa'adin shekara 6. Saboda haka Wayomin, da mutanenta ba su kai 600,000 ba, muryarta ɗaya da Kalifoniya mai kusan miliyan 39 a wannan zaure. Ko adalci ne? Amurkawa kansu har yau suna musu a kai.

Akwai kuma sulhun da ba abin alfahari ba ne. Jihohin kudu sun dage a ƙirga bayi wajen raba kujeru, alhali bayin ba su da ƙuri'a ko 'yanci. Aka amince a lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku, kuma aka hana majalisa dakatar da shigo da bayi kafin 1808. Sai da aka zubar da jini a yaƙin basasa kafin gyara na 13 da aka yi wa kundin ya haramta bauta a 1865.

Ga yadda ɓangarori uku na gwamnati, wato majalisa da shugaba da kotu, ke taka wa juna birki. Majalisa ce ke yin doka, amma shugaba na iya ƙin sa hannu. In kashi biyu cikin uku na kowane zaure suka dage, dokar ta wuce ko ba ya so. Shugaba ne babban kwamandan askarawa, amma ayyana yaƙi na majalisa ne. Shi ke zaɓo ministoci da jakadu da alƙalai, sai dai dattawa ne ke tantancewa. Majalisar wakilai na iya tuhumarsa, dattawa su yi shari'a. An tuhumi Andrew Johnson da Bill Clinton da Trump (shi har sau biyu), amma ba a taɓa samun kashi biyu cikin ukun da zai tsige shugaba ba.

Abin mamaki, ikon da Kotun Ƙoli ta fi shahara da shi, wato soke dokar da ta saɓa wa kundin, ba a rubuta shi ɓaro-ɓaro ba. Alƙalin alƙalai John Marshall ne ya kafa shi a hukuncin 1803. Alƙalan, waɗanda yanzu su 9 ne, ba su da wa'adi sai mutuwa ko murabus ko tsigewa, shi ya sa ake kai ruwa rana duk lokacin da kujera ta faɗi.

Najeriya ta ari wannan fasali a 1979, amma da bambanci babba. A Amurka, gyara na 10 ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a. Don haka kowace jiha na da nata kundin, da 'yan sandanta, da dokokin aure da na laifuffuka. Wata na zartar da hukuncin kisa, maƙwabciyarta ta soke shi.

Gyara kundin kuwa aiki ne ja: kashi biyu cikin uku na zaurukan biyu, sannan amincewar jihohi 38 cikin 50. Sau 27 kawai aka yi nasara. Goma na farko, masu kare 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki da sauransu, sun shiga a 1791. Na ƙarshe, wanda ya hana ƙarin albashin 'yan majalisa fara aiki sai bayan zaɓe, an gabatar da shi tun 1789, bai samu isassun jihohi ba sai 1992.